Ƙarfen da Ake Jin Maganarsa

A tashar Agiye, ana jiran motar Gazawa ta cika, wata dattijuwa ta leƙa salular mutumin da ke gefenta.

"Ɗana, wannan jan ɗigon fa?"

"Aikinmu ne, Inna, can birnin da nake ci-rani. Wani ɗan ƙarfe muke liƙawa cikin magudanar ƙazanta, ƙarƙashin titi. In ledoji suka fara toshe ta, ruwa ya taso, sai ya aiko da saƙo."

"Yana cikin ƙasa ya san ruwa ya taso? Ido gare shi?"

"Babu ido. Sauti yake turawa, ya bugi ruwa ya dawo, sai ya gane inda ya kai."

"La'ilaha illallahu! Ni da karan dawa nake yi. Gidana ne na ƙarshe a gangare, bakin kwalbati. Na yi wa karan tsaga uku, ana fara ruwa sai in zura shi. In ya kai ta biyu, na san shara ta tare hanya. Bara ya kai ta uku, katangata ta zube."

"Ashe aikinku ɗaya da shi."

"To in ya aiko saƙon, sai me?"

"Sai a tura ma'aikata su yashe."

"Su zo? A ranar?"

"A ranar, Inna."

Ta daɗe tana kallon jan ɗigon.

"Ikon Allah. Damina tara ina zuwa buro, ofishin hukuma, da karana a hannu. Shi kuwa sau ɗaya zai yi magana, a zo."