Burodin Da Na Ture Gefe

Assalamu alaikum Hajiya mai gabatarwa, tare da masu sauraro. Ni ne Sabi'u mai takalma, ɗan Kano, daga unguwar Dengfeng a birnin Guangzhou na ƙasar Sin. Abin kunya na tafka.

Ina da maƙwabci, Malam Faruk, mutumin tsibirin Mauritius. Ranar Juma'a ya gayyace ni cin abinci bayan masallaci. Ko karyawa ban yi ba, na sa rai da shinkafa da kaza. Muna zama ya kawo burodi an tsaga, an shafa bota, an cusa wani abu kamar ƙosai da barkono. Na gutsura sau biyu na ture gefe, kada in cika ciki. Da na ji shiru sai na ce, "Malam, a ce wa uwargida ta kawo abincin mana, kada ya huce."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ɗan'uwa, ai shi ke nan a gabanka."

Ashe a garinsu abincin rana ne, da shi suka tashi. Waken ƙosan ma daga gida aka aiko musu, ɗan abin da ya rage ne matarsa ta jiƙa tun jiya saboda ni. Kuma tana bayan labule tana ji!

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Na jawo farantin na cinye tas, amma magana zarar bunu ce. Yanzu da na ji takunsa a matakala sai in koma ɗaki.

Hajiya, a ba ni shawara. Haƙuri zan je in bayar, ko in roƙa a sake soya mini? Don tsakani da Allah, abin da daɗi.