Maɓallin Hannun Riga

A ɗakin jira na tashar jirgin ƙasa, ana raba takardar neman diyya ga waɗanda jirgi ya bari. Wata dattijuwa mai riƙe da fasasshen tabarau ta miƙa tata ga wani malamin makaranta da ke gefenta.

"Ɗan nan, cike mini, ba na gani."

"To, Mama. Sun ce a rubuta dalili."

"Kai me ka rubuta?"

"Cunkoso."

"Ni kuwa har ƙafata ɗaya ta shiga, wani ya sa gwiwar hannu ya ture ni. Ga 'yata can asibiti tana jirana."

 Malamin ya rufe hannun rigarsa da takardar.

"Kin ga fuskarsa?"

"Rigarsa dai na cafko. Shi ma bai samu shiga ba, turin bai yi masa rana ba."

"To me zan rubuta, Mama?"

"Rubuta cunkoso. Kada a hana bawan Allah diyyarsa."

Ya rubuta. Ta karɓa, ta danƙa masa wani abu a tafin hannu.

"Ungo maɓallinka. A ɗinke maka kafin ka shiga mutane."