Takardar zuciyar Cima

Kun ga wani dattijo a tashar Madawa da takarda a hannu, kun kau da kai. Zaliha, malamar lakkwal, wato makarantar boko, mai jiran motar Buza, ita kaɗai ta tsaya wa dattijon.

"Ɗiyata, duba mini wagga. Ta matata ce, Cima. Daga Yamai munka zo da ita."

"Yaushe, Baba?"

"Tun kafin shuka. Na'ura ta haska mata zuciya, magani ya shiga. Amma har yanzu in ta miƙe tsaye sai ta faɗi."

Zaliha ta karanta sau biyu.

"Baba, hoto ba ya warkarwa, nunawa yake yi. Likita ya ga tsiro cikin zuciyarta, irin wanda ba kasafai ake gani ba, yana tare hanyar jini. Ya ce ku koma bayan sati biyu."

"Da Faransanci ya faɗa. Na ce to."

"Ba ka tambaya ba?"

"In tambayi likita?" Ya daɗe yana kallon takardar. "Jiya ma na ce mata ragwanci ne."

Kai da ka yi karatu, akwai irin wannan takarda a unguwarku. Je ka karanta wa masu ita yau.