Digo Goma Aka Ce Mini

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ba a ɓoye masa kome. Waɗanda ba su san ni ba, ni ce Saratu, mutuniyar Tsafe, mai toya ƙosai bakin sansanin leburori. Ku yi haƙuri da ni, bakina ya fi sabawa da faɗa bisa ga shaida.

Bara waccan, lokacin da ake shimfiɗa dogo ana nufo Gusau, maigidana, baban Talatu, yana cikin masu ɗaukar ƙarfe. Wata safiya ƙarfen ya kuɓuce wa na gaba, ya sauka kan ƙafarsa ta hagu. Babban yatsa ya fashe. Mutumin da ko kunama ta harbe shi sai ya ce ba kome, ran nan aka kawo mini shi yana cizon gefen riga yana gurnani.

Malam Ishaya, disfensa mai ba da magani a sansani, ɗan'uwanmu cikin Ubangiji, ya zo ya wanke ciwon ya ɗaure. Ya miƙo mini wata 'yar kwalba da ba ta fi yatsana tsawo ba, da ruwa baƙi-baƙi a ciki. Ya ce na rage zafi ne.

"Digo goma cikin ruwa, safe da yamma, kwana uku kaɗai. Kada ki ƙara ko ɗaya, ko ya roƙe ki."

Na ce to. Amma a raina tsaki na ja. Ubana boka ne a gindin dutsen Tsafe, kuma a gidanmu da ƙwarya ake shan magani. A jiƙa saiwa cikin tukunya, mai ciwo ya sha har ciki ya ɗauka, ya huta, ya ƙara. Sai ga wani yana ƙirga mini digo. Na ce wannan rowa ce kurum, don ya ga mu talakawa ne, na ƙwarai ya ajiye wa akawu da Turawa.

Rana ta biyu da hantsi, maganin safe ya sake shi, zafin ya dawo. Yana juyi kan tabarma, gumi ya jiƙa shi sharkaf. Ya kama hannuna ya ce in yi masa wani abu, don Allah. Na shafa man shanu, na yi fifita, na ɗaga ƙafar bisa turmi, duk a banza. Ban iya jure ganinsa haka ba. Na ɗauko ludayi, na tuttula rabin kwalbar, na dama cikin kunu na ba shi. Bai san abin da ya sha ba.

Kafin in wanke ƙwaryar ya yi shiru. Har daɗi na ji, 'yan'uwa. Har na ce a raina, ka ga yadda ake ba da magani.

Da rana ta take tsaka na shiga in tashe shi ya ci abinci. Na kira, shiru. Na girgiza shi, kansa ya langaɓe. Leɓɓansa sun yi duhu. Numfashin kuwa, sai ya ja ɗaya, in jira, in jira, har in ce ya tafi, sannan ya ja wani.

Inna Kande, tsohuwar Bungudu mai sayar da fura kusa da bukkarmu, ta leƙo ta gan shi. Ta ce in bar shi, barci shi ne sauƙin mai rauni, in lulluɓe shi kawai. Ta tambaye ni ko ya sha maganinsa. Na ce ya sha yadda aka ce. Ƙarya na yi mata, ido da ido.

Ku ji abin da ya fi muni. Da ta fita, na ɗauki kwalbar na cika ta da ruwa don kada a ga ta ragu. Miji na mutuwa a gabana, ni ina gyara kwalba! Tsoro ne ya kama ni. Dā ma a sansanin ana nuna ni da baki, ana cewa ɗiyar boka ce. Idan na faɗi gaskiya za a ce guba na ba shi. Idan na yi shiru, kafin la'asar sai gawa. Na zauna bakin ƙofa, ban san inda zan sa kaina ba.

A lokacin ban iya addu'a ba, wata uku ke nan da na fara zuwa sujada. Na rarrafa bayan bukka wajen murhu, na kifa goshina cikin toka. Abin da ya fito daga bakina ke nan: "Yesu, ni na yi. Ba ni da dabara. Kada ka bar shi ya mutu don kunyata." Ban ga haske ba, ban ji murya ba. Sai dai kawai na tashi na zura da gudu ba ko takalmi.

Na sami Malam Ishaya a rumfarsa yana wanke wa wani ido. Ya dube ni sau ɗaya ya ajiye abin hannunsa.

"Digo nawa?"

"Ban ƙirga ba, Malam. Rabin kwalba."

Bai zage ni ba. Da ma ya zage ni, da na fi samun sauƙi. Ya kira leburori biyu muka koma. Ya buɗe idon maigida ya duba, ya mare shi har ya motsa, ya ɗura masa ruwan gishiri ya yi amai. Sannan ya ce a ɗaga shi tsaye, kada a bari ya kwanta, don in ya koma barci ba zai farka ba.

Tun azahar har rana ta yi ja suna zagaya bukka da shi, Malam a kafaɗa ɗaya, lebura a ɗaya. Ƙafar nan mai rauni tana jan ƙasa, tsumman ya jiƙe da jini. Duk lokacin da yatsan ya bugi dutse sai ya yi ƙara ya buɗe ido, Malam ya ce madalla, a ci gaba. Zafin da na so in kashe, shi ne ya riƙa farkar da shi. Ni ba abin da na iya sai ɗebo ruwan randa ana watsa masa, ina kuka, ina komawa.

Dab da faɗuwar rana ya ɗaga kai da kansa, ya ce wa ke jan shi haka kamar akuya, a sake shi ya zauna. Wayyo, ban taɓa jin faɗa mai daɗin wannan ba. Ubangiji ya maido mini da shi daga bakin kabari.

Amma shaidata ba ta ƙare nan ba. Da mutane suka taru suna tambaya, Malam Ishaya ya dube ni, ya tausaya mini, sai ya ce musu maganin ne ya yi masa ƙarfi. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Daga ranar leburori suka riƙa gudun rumfarsa, suna cewa kwalbarsa ta kusa kashe mutum. Maigidana kansa ya daina gaishe shi, ko a nan wurin sujada sai ya kau da kai. Shekara biyu ina kallo, ina toya ƙosaina, bakin nan nawa mai kaifi a rufe. Abinci ba ya mini daɗi, waƙa ba ta fita.

Na gode wa Yesu da ya ceci ran mijina, na gode masa da bai bar ni na huta cikin ƙarya ba. 'Yan'uwa, in mai magani ya ƙirga muku, ku tsaya inda ya tsaya. In kuma kun riga kun yi ɓarna, kada ku zauna bakin ƙofa kamar ni. Ku kira Ubangiji, ko ba ku iya addu'a ba yana ji.

Baban Talatu, yau kake jin wannan, tare da kowa. Ba Malam ba ne, ni ce. Shi a kafaɗarsa ka yini. Ni ka yi mini hukuncin da ka ga dama in mun koma gida. Amma ga Malam can zaune bakin ƙofa, don Allah ka tashi ka gaishe shi.