Dawar Bijimi

A layin masu hatsi na kasuwar Mai'adua, Adama ta gaji da jiran wani dattijo da ya tare bakin buhun dawa, yana ɗiba yana gartsawa da haƙori.

"Baba, ɗanɗano kake ko kalaci?" ta ce.

"Dubawa nake, 'yar nan. Wannan ƙwari sun cinye cikinta, saura ɓawo. Ba ta sa ƙiba."

"To ka ɗauki masara mana."

"Masara zalla kumbura masa ciki take. Sai an ɓarza, an haɗa da dusa da 'yar kanwa."

Tausayi ya kama Adama. "Allah sarki! Mara lafiya gare ka a gida?"

"Lafiyarsa lau. Bijimina ne."

"Bijimi! To wannan ƙullin na hannunka fa, mai warin tsohon rumbu?"

"Wannan na tuwon gida ne."

"Haba, Baba! Sa ya ci mai kyau, iyali su ci ragowar ƙwari?"

Dattijon ya dube ta cike da mamaki, kamar ita ce ta yi ɓarambarama.

"Yo su ko sun yi ƙiba, wa zai taya?"