Yumɓun da Yayata Take Ci

Assalamu alaikum Anti mai gabatarwa, da fatan kina lafiya.

Sunana Rahila, ɗalibar sakandare daga Kakau. Yayata tana da juna biyu, kuma tana kwaɗayin yumɓu. Ni take aika in ɗebo mata a bakin tafkin bayan gonarmu, ta gasa ta ci.

Wata Asabar na tarar da masu bincike daga jami'a suna zaro laka da dogon bututu. Na tsuguna ina ɗibar yumɓu, sai wata malama cikinsu ta ce, "Ƙanwata, tukunya za ki gina?" Na faɗa mata gaskiya. Ta nuna mini lakar hawa-hawa, ta ce maganin feshin da ruwan sama ke wankowa daga gonaki yakan kwanta a ciki, zai iya cutar da jariri.

Na ce Yaya ba za ta yarda da ni ba. Sai malamar ta biyo ni har gida da takalmanta duk taɓo. Ta yi wa Yaya bayani, Yaya ta daina, ta koma awon ciki.

Malama, ban tambayi sunanki ba. In kina saurare, mun gode. An haifi mace lafiya lau.