Kazar Ta Taka, Ni Ban Taka Ba

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu. Ku matso, 'ya'yana, ku ara mini kunnuwanku. Wannan ba tatsuniya ba ce, a jikina ta faru.

Shekarar da Shari'a ta zo, muna wani ƙauye bayan Madadi. Zamanin tsada ne, kananzir ma sai mai rabo, amma akwai zumunci. Kirsimeti mu kai wa maƙwabta shinkafa, Sallah su aiko mana nama. Kai, duniya!

Da kaka muna dawowa daga gona, amalanken shanu ya kife da ni. Ƙashin ƙwaurina ya huda fata ya leƙo waje.

Maigidana Bawa ya kira Malam Audu mai ɗori, abokinsa tun suna kiwo. Malam Audu ya kama kaza ya karya mata ƙafa, ya ɗora ta, ya ɗora ni. Ya ce, “Ladi, ranar da kazar nan ta taka, ke ma kin taka.”

Zan faɗi gaskiya a gaban Allah: na daina addu'a, na koma kallon kaza. Ina kwance ina watsa mata tsaba.

Kwana ashirin, kaza ta taka. Gida ya ɗauki guɗa! Ni kuwa ƙafata wari take yi, na rufe ta da zane. In kunyata Malam Audu? Ga shi mun ji an ce asibiti yanke ƙafa suke yi.

Malam Audu da kansa ya ji warin. Ya ɗaga zanen, ya duba, ya ce, “Bawa, wannan ya fi ƙarfin hannuna. Nemo mota.”

A asibitin ƙashi na Kano likita ya ce, “Inna, kun makara. Za mu gwada. In ta ƙi, sai yankewa.”

Ana tura ni ɗakin tiyata na ce, “Yesu, na bar ka na bi kaza, ka gafarta mini. Bar mini ƙafar da zan taka zuwa sujada.”

Suka kankare ruɓaɓɓen ƙashi, suka kafa ƙarafa. Da na farka na kasa dubawa. Na ce wa nas, “'Yata, ƙirga mini yatsun.”

Ta yi dariya. “Biyar cif, Inna.”

Halleluya!

Bawa ya riga mu tafiya gida wurin Ubangiji. Malam Audu ya tsufa a Kabo wurin ɗansa. Tun daga kaina, in ƙashi ya huda fata, Kano yake turawa. Kaza kuwa, ranar da na dawo shi ya yanka mana ita, gidansa da namu muka ci a kwano ɗaya.

Na gode wa Yesu. Ku dogara gare shi, kada ku ɓoye ciwo a ƙarƙashin zane. Ni ce nan, ina ɗingishi, amma a kan ƙafar nan nake tsaye gabanku.